Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ɓangarorin Faifan Kwamfuta, Maido da Su, da Kwafe Su zuwa Sabon Faifai

Mai shagon buga takardu ko ma'aikacin ƙaramin ofis yakan ɗauka cewa ya tsare bayanansa da zarar ya kwashe foldar takardu ya zuba a filashi. Wannan kwafin yana da amfani, sai dai ranar da faifan kwamfutar ya mutu ba zai dawo masa da Windows ba, kuma manhajojin da aka shafe kwana biyu ana ɗorawa da direbobin firinta da duk saitin da aka daɗe ana daidaitawa sai an faro su daga tushe. Abin da ke mayar da kwamfuta yadda take jiya shi ne hoton ɓangarorin faifanta, wato kwafin kowane ɓangare ɗungurungum a cikin fayiloli da za a iya sake shimfiɗawa a kan wani faifan. Misalin da zan riƙe a wannan jagora shi ne laftof mai faifai mai juyawa na gigabait 500 da Windows 10 a kai, wadda ake so a adana hotonta sannan a mayar da ita kan SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri wanda ba ya juyawa.

Sanin abin da ke cikin faifan

Ɓangaren da ake gani da sunan C: ba shi kaɗai ba ne a faifan, kuma shi kaɗai ba ya tayar da kwamfuta. Idan ka danna dama a kan alamar Start ka buɗe Disk Management, a kwamfutar zamani za ka tarar da ƙaramin ɓangare na kimanin megabait 100 mai suna EFI System Partition, wanda a cikinsa fayilolin tayar da Windows suke, sannan babban ɓangaren C:, sannan wani na gyara mai suna Recovery. Akwai na huɗu mai megabait 16 da ake kira MSR, wanda wannan tagar ba ta nuna shi. Masu gyara suna kiran kowane ɗaya fatishan. Wanda ya ɗauki hoton C: ya bar na EFI zai samu takardunsa, amma allon zai tsaya yana cewa babu abin da za a tashi da shi.

Wurin da aka rubuta inda kowane ɓangare ya fara da inda ya ƙare shi ne jadawalin ɓangarori, kuma iri biyu ne. Tsohon tsari, MBR, ya zo tun 1983. Yana zaune a bait 512 na farkon faifai, yana ɗaukar manyan ɓangarori huɗu kawai, kuma ba ya iya amfani da abin da ya haura terabait 2 a faifai na yau da kullum. Sabon tsari, GPT, yana tafiya da UEFI, wato sabon tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ta hau, yana ɗaukar ɓangarori 128, kuma yana ajiye kwafin jadawalinsa na biyu a can ƙarshen faifai. Domin sanin wanda kake da shi, danna dama a kan Disk 0, ka shiga Properties, ka duba shafin Volumes. Ka rubuta amsar a takarda tare da girman kowane ɓangare, ko ka ɗauki hoton allon da waya, domin za ka buƙace ta a lokacin da kwamfutar ba ta tashi.

Kayan aiki

Za a buƙaci filashi ɗaya na tayar da kwamfuta, da faifan waje na zuba hoton, da wutar da ba za ta yanke ba. Manhajar da nake amfani da ita ita ce Clonezilla, wadda Steven Shiau da abokan aikinsa suka samar a cibiyar manyan kwamfutoci ta ƙasar Taiwan, kuma kyauta ce. Fuskarta rubutu ne zalla a kan shuɗin allo, ba ta da ado, amma tana kwafe wuraren da ke da bayanai kaɗai a tsarin fayiloli irin NTFS da FAT da ext4 da wasunsu, ta tsallake fili. Wanda rubutun ya yi wa nauyi zai iya ɗaukar Rescuezilla, wadda ake sarrafawa da linzami kuma tana karanta hotunan Clonezilla. Windows tana da nata tsohon tsarin ɗaukar hoto, amma tun 2017 Microsoft ta sanar cewa ta daina bunƙasa shi, don haka ba na ɗora aiki mai muhimmanci a kansa. Ana sauke fayil ɗin ISO na Clonezilla Live, wato kwafin faifan da ake tayar da kwamfuta da shi, a rubuta shi a filashi da Rufus, ko a jefa shi cikin filashin da aka shirya da Ventoy. Na biyun ya fi mini, saboda filashi ɗaya zai ɗauki Clonezilla da GParted, manhajar yanka ɓangarori da sauya girmansu, da faifan girka Windows gaba ɗaya, kuma duka ukun za su yi amfani a nan.

Game da faifan waje, a kula da jabu. Kasuwa cike take da filashi da faifai da ke nuna girman da ba su da shi: suna karɓar fayil ba tare da ƙorafi ba, suna rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar buƙata a tarar da shara. Manhajar H2testw a Windows ko f3 a Linux tana cika na'urar da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi ainihin girmanta. Gwajin yana cin sa'o'i, amma sau ɗaya ake yin sa. A kuma duba ramin da aka soka wayar: USB 2.0 ba ya wuce kimanin megabait 35 a daƙiƙa, wanda ke nufin gigabait 200 zai ci sama da awa ɗaya da rabi, alhali shuɗin ramin USB 3.0 yana rage wannan lokacin sosai. Inda ake yawan ɗauke wuta, a cika batirin laftof kafin a fara, kwamfutar tebur kuma a jona ta da UPS ko inbata. Yankewar wuta lokacin ɗaukar hoto ɓata lokaci ne kawai, amma lokacin maidowa ko rage girman ɓangare tana iya barin faifan ba ya karantuwa.

Shirya Windows kafin a kashe ta

Abubuwa uku ne ake yi a nan, kuma yawancin matsalolin da ke tasowa daga baya daga tsallake su suke fitowa. Na farko shi ne Fast Startup. Idan yana kunne, danna Shut down ba ya rufe Windows gaba ɗaya. Tana ajiye wani sashe na kanta a fayil ta bar ɓangaren C: a matsayin wanda ake kan amfani da shi. Domin kashe Fast Startup, a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a rubuta:

powercfg /h off

Na biyu shi ne BitLocker. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da ɓangaren C: a kulle ba tare da mai su ya sani ba. Clonezilla ba ta iya gane fili da bayanai a kullen ɓangare, don haka za ta kwafe kowace sakta, wato kowane ƙaramin yanki na faifan, hoton ya yi girman ɓangaren duka kuma ya ƙi matsuwa. Umarnin manage-bde -status yana nuna halin da ake ciki. Ko dai a cire kullen a jira ya gama, ko kuma a tabbata an rubuta mabuɗin ceto mai lambobi 48 a wani wuri da ba cikin kwamfutar ba, domin sauya faifai ko saitin UEFI yana iya sa a tambaye shi. Na uku shi ne chkdsk C: /f, wanda ke gyara kurakuran tsarin fayiloli a tashi na gaba. Wannan na faifai mai lafiya ne kawai. Idan faifan yana ƙara ko yana daskarewa, a tsallake zuwa sashen ƙarshe kafin a taɓa komai.

Ɗaukar hoton

A soka filashin Clonezilla, a kunna kwamfutar ana danna maɓallin zaɓen abin tashi, wanda F9 ne a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo. Bayan zaɓen harshe da barin allon rubutu yadda yake, a zaɓi Start_Clonezilla, sannan device-image, sannan local_dev. A nan za ta ce a soka faifan waje a jira 'yan daƙiƙoƙi. Idan ya bayyana a jerin sai a danna Ctrl da C a ci gaba.

Daga wannan mataki babu C: babu D:. Clonezilla a kan tsarin Linux take gudana, ita kuma Linux tana kiran faifai na farko sda, na biyu sdb, ɓangarorinsu kuma sda1, sda2 da sauransu, faifan NVMe kuwa nvme0n1 da ɓangarori irin nvme0n1p3. Waɗannan haruffa ba tabbatattu ba ne, ana raba su ne bisa wanda aka fara gani a wannan tashin. Na koyi wannan da tsada. Wata rana na ɗauki hoto da safe faifan wajena yana sdb, da yamma na sake tayar da kwamfutar da wani faifai a soke, na zaɓi sdb da ka ba tare da karanta layin ba, na shimfiɗa Windows a kan takardun aikina na shekara biyu. Tun daga ranar nake karanta girman faifai da sunan kamfaninsa da lambarsa, waɗanda Clonezilla ke rubutawa a gefen kowane suna, kuma nake cire duk abin da ba ya cikin aikin.

Tambaya ta farko ita ce inda za a ajiye hoton, wanda manhajar ke kira /home/partimag. A nan ɓangaren faifan waje ake zaɓa. Sai a ɗauki Beginner. Zaɓin savedisk yana ɗaukar faifan duka da jadawalinsa, saveparts kuma yana ɗaukar ɓangarorin da aka yi wa alama da maɓallin tazara. A karo na farko savedisk ya kamata a yi, saboda shi ne ke tabbatar da cewa ba a manta da EFI ba. Amfanin saveparts yana zuwa daga baya, ga wanda ya raba faifansa ya sa Windows a C: takardu a D:, yana so ya riƙa sabunta hoton C: kaɗai duk bayan 'yan watanni. Sunan da Clonezilla ke bayarwa kwanan wata ne da sa'a. A ƙara masa sunan kwamfutar, domin bayan shekara ɗaya babu mai tuna hoton wace na'ura ce. Idan ta tambaya ko a duba hoton bayan an gama, a amsa da eh ko da ana sauri, idan kuma akwai bayanan abokan ciniki a ciki a zaɓi kulle hoton da kalmar sirri.

Da aikin ya ƙare za a ga folda mai fayiloli da yawa: manya masu ɗauke da bayanan kowane ɓangare, wani lokaci a yanke gunduwa-gunduwa, da ƙanana irin sda-pt.sf masu ɗauke da jadawalin. Kada a goge ko a sauya sunan ko ɗaya, kuma idan za a kwafe hoton zuwa wani wuri a ɗauki foldar dukanta. A sani kuma cewa ciro takarda guda daga cikin hoton Clonezilla ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa kwafin takardu na yau da kullum yake nan da muhimmancinsa a gefen hoton.

Maidowa, da gwada ta tun kafin a buƙace ta

Hanyar ɗaya ce har zuwa Beginner, inda yanzu za a ga restoredisk da restoreparts. A zaɓi hoton, a zaɓi faifan da za a rubuta a kai. Duk abin da ke kan wannan faifan zai tafi, kuma Clonezilla za ta tambaya sau biyu kafin ta fara. Mutane sukan danna y sau biyu a jere kamar tambaya ɗaya ce. Tsakanin ta farko da ta biyu ne ya kamata a sake karanta girman faifan da lambarsa. Idan SSD ne aka share bisa kuskure, fatan ceto kaɗan ne ƙwarai, domin umarnin TRIM yana sa na'urar ta watsar da abin da aka goge.

Duban da Clonezilla ke yi bayan ɗaukar hoto yana tabbatar da cewa fayilolin suna karantuwa, amma bai tabbatar da cewa kwamfutar za ta tashi ba. Wannan sai an gwada. A samu wani faifai da ba a buƙatar abin da ke kansa, a shimfiɗa hoton a kai, a cire na asali, a sa shi, a kunna. Idan Windows ta buɗe, firinta ta yi aiki, takardu suka buɗu, to akwai ajiya. Wanda ba shi da faifan gwaji zai iya yin haka a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka, muddin ya kunna EFI a saitin na'urar idan hoton na GPT ne.

Kwafi zuwa SSD, da matsalar girma

Idan sabon faifan ya kai tsohon girma ko ya fi shi, aikin gajere ne: a haɗa shi ta akwatin USB, a zaɓi device-device, sannan disk_to_local_disk, a nuna tushe, a nuna inda za a zuba. Filin da ya rage a ƙarshe ana ƙara wa C: shi daga baya da GParted, ko da yake sau da yawa sai an matsar da ɓangaren Recovery da ya tare hanya.

Wahalar tana zuwa ne idan sabon ya gaza, ko da da kaɗan ne. Faifan gigabait 500 yana nuna kimanin 465 a Windows, SSD na 480 kuma yana nuna kimanin 447, kuma Clonezilla ba ta zuba ɓangare a wurin da bai kai girmansa ba, ko da bayanan da ke ciki gigabait 90 ne kacal. Shawarata ga wanda bai riga ya saya ba ita ce ya nemi na 512 ya huta. Akwai zaɓin -icds a ƙarƙashin Expert da ake yawan ambata, amma duba girma kawai yake tsallakewa, ba ya rage komai, kuma wanda ya dogara da shi ba tare da rage ɓangaren ba zai iya samun kwafin da aka yanke wa ƙarshe.

Ga wanda ya riga ya sayi ƙaramin, sai a bi doguwar hanya, bayan an tabbata hoton farko yana nan kuma an gwada shi. A cikin Windows a rubuta reagentc /disable, wanda ke dawo da kayan gyara cikin C: ta yadda ba sai an kwafe ɓangaren Recovery ba. Sannan a rage C: ta Shrink Volume har ya sauka ƙasa da girman sabon faifan da tazara mai kyau. Windows takan tsaya a rabin hanya saboda fayilolin da ba ta iya matsarwa tana aiki. Idan haka ta faru GParted zai ƙarasa, kuma a tashi na gaba Windows za ta duba faifan da kanta, wanda ba abin tsoro ba ne. Daga nan a buɗe sabon SSD a GParted, a ƙirƙiri jadawalin GPT, a yanka ɓangaren FAT32 da bai gaza na EFI na asali ba a sa masa alamar esp, a yanka na megabait 16 mai alamar msftres, sauran kuma a bar wa NTFS. A bar daidaitawa a kan MiB yadda GParted ya saita, domin ɓangaren da ya fara a sakta ta 63 irin na zamanin Windows XP yana rage wa SSD sauri. Sai a koma Clonezilla a yi part_to_local_part, C: zuwa sabon babban ɓangaren.

A tashin farko a cire tsohon faifan gaba ɗaya. Faifai biyu masu lambar shaida ɗaya suna rikita Windows har ta kashe ɗaya daga cikinsu, a Linux kuma lambar UUID da ke cikin /etc/fstab tana iya sa tsarin ya hau tsohon faifan kana zaton sabon kake gwadawa.

Idan ta ƙi tashi

Bayan kwafin ɓangare-ɓangare wannan abu ne da ake tsammani, kuma gyaransa minti biyar ne. A tashi da faifan girka Windows, a danna Shift da F10 domin buɗe wurin rubuta umarni, a shiga diskpart. Da list volume za a ga harafin da aka ba ɓangaren Windows, wanda a nan ba lallai ya zama C ba. A zaɓi ƙaramin na FAT32 da select volume da lambarsa, a rubuta assign letter=S, a fita da exit, sannan:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

A sauya C da harafin da aka gani. Wannan yana rubuta sababbin fayilolin tashi a ɓangaren EFI. Idan har yanzu shiru, a duba saitin kwamfutar: faifan GPT yana son UEFI, na MBR yana son Legacy, wato tsohon tsarin tashi. Da Windows ta buɗe sai a mayar da kayan gyara da reagentc /enable.

Faifan da ya fara ciwo

Duk abin da ya gabata na faifai mai lafiya ne. Alamun ciwo su ne daskarewa lokacin buɗe wasu fayiloli, jinkirin da ba a saba ba, da ƙarar ƙas-ƙas daga ciki. CrystalDiskInfo a Windows ko smartctl -a /dev/sda a Linux suna nuna rahoton da faifan ke ajiyewa game da kansa, kuma layuka uku ne abin dubawa: na 5, saktocin da aka riga aka sauya, na 197, waɗanda ke jiran sauyi, da na 198, waɗanda suka ƙi gyaruwa. Idan lambobin nan suna hawa, kada a yi chkdsk, kada a rage ɓangare, domin kowane karatu yana iya zama na ƙarshe, kuma gyaran tsarin fayiloli a kan faifan da ke mutuwa yakan ƙara ɓarna.

Kayan aikin wannan hali shi ne GNU ddrescue na Antonio Diaz Diaz, umarni ne da ake rubutawa a Linux. Tsohon umarnin dd yana kwafe sakta bayan sakta, amma yana tsayawa idan ya ci karo da wurin da ya lalace. Shi ddrescue yana fara kwashe wurare masu sauƙi, ya bar masu wuya zuwa ƙarshe, yana rubuta inda ya kai a wani fayil na taswira. Zagaye na farko:

ddrescue -d -n /dev/sdb /mnt/ajiya/faifai.img /mnt/ajiya/taswira.map

Zagaye na biyu shi ne wannan layin dai, a sauya -n da -r3, domin ya koma wuraren da suka ƙi ya gwada sau uku. A nan /mnt/ajiya shi ne wurin ajiyar da ke faifan waje, /dev/sdb shi ne faifai mai ciwo, kuma umarnin lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL ne zai tabbatar da hakan kafin a danna komai. Wurin ajiyar dole ya fi faifan duka girma, tunda har fili ake kwafewa. Amfanin taswirar yana bayyana ne idan wuta ta ɗauke a awa ta tara: da an sake rubuta umarnin da taswirar nan zai ci gaba daga inda ya tsaya. A sa fanka ta riƙa hura faifan, musamman a watannin zafi, kuma duk wani gyara ko ciro fayiloli da TestDisk ko PhotoRec a yi shi a kan kwafin. Idan kuwa faifan yana ƙara kuma kwamfuta ba ta ganinsa sam, matsalar ta inji ce. A kashe shi, kada a buɗe murfinsa, domin ƙura kaɗan ta isa ta karce farantin da bayanan ke kai.

Bayan an koma kan SSD lafiya, tsohon faifan da ke da ƙoshin lafiya shi kansa ajiya ne, don haka a bar shi wata ɗaya ko biyu kafin a yi masa fomat. Ƙa'idar da masu adana bayanai ke bi ita ce kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Ga mai shago wannan yana nufin faifan waje ɗaya ya kwana a gida, ba a cikin durowar da ke ƙarƙashin kwamfutar ba, kuma kada a bar shi a soke kullum inda tsawa ko manhajar garkuwa da fayiloli za ta same shi tare da na asali. A manna masa takarda mai ɗauke da sunan kwamfutar, da ranar ɗaukar hoton, da ko GPT ne ko MBR, da sigar Clonezilla da aka yi amfani da ita, a kuma ajiye fayil ɗin ISO na wannan sigar a cikin faifan kusa da foldar hoton.